Yadda Aka Goya Ni Don In Ga Shuɗin Teku

Da sunan Wanda Ya shimfiɗa ruwa Ya yi masa iyaka, Ya zuba a cikinsa halittun da ido ya gani da waɗanda bai gani ba. Bayan haka, ni ne Malam Hambali ɗan Jibo, mutumin Rafin Kuka, wanda ya yi karatu a zaure gaban malamai na gaske, a zamanin da ɗalibi ba ya wuce layi sai ya san abin da ke cikinsa. Ku gyara zama, ku ji abin da na gamu da shi a ƙasar Sansamar, kada kuma wani ya katse ni.

Tun ina da ƙuruciya na ɗaukar wa kaina alkawari cewa ba zan yi wa ɗalibi bayanin wata dabba ba sai na gan ta da idona. A kan haka na bi giwa har makwancinta, na zauna bakin gulbi har dorina ta yi hamma a gabana, na auna sawun karkanda da taƙina. Dabba guda ta rage, wato ƙaton nan na teku da matafiya ke kira wel. Jama'a na ce masa kifi, alhali kuwa iska yake shaƙa, nono kuma macen take ba ɗanta. Danginsa kashi-kashi ne, mafi girma a cikinsu shi ne Shuɗi, wanda aka ce babu mai rai da ya kai shi a ruwa ko a tudu.

Ina cikin shirin tafiya sai yanar ido ta sauko mini. Mai maganin ido na garinmu ya duba, sannan ya ce, "Malam, na hagu kam ya tafi. Na dama kuma ban ga alamar zai kai damina mai zuwa ba."

Na ce, "Ashe ba ni da lokacin zama da kai." Na ɗaura wa jakina kaya.

Na ratsa Dajin Ƙaho, inda itatuwa ke tuge saiwarsu su bi inuwar gajimare, har hanyar da ka bi da safe ba ita za ka tarar da yamma ba. Na ƙetare Hamadar Madubi, wadda ƙasarta gishiri ce zalla mai walƙiya. A can na ɗaure fuskata da baƙin ƙyalle, na riƙe wutsiyar jaki ya ja ni, don kada in ɓarnatar da ɗan ganin da ya rage mini a kan abin da ba shi na fito nema ba. Da ƙasa ta ƙare, ruwa ya fara, sai ga Sansamar.

Garin nan ba shi da sana'ar da ta wuce kai baƙi kallon wel. Baƙi kuwa ga su nan daga kowace kusurwa ta duniya, masu faffaɗan huluna, masu tabaran hangen nesa, masu amai tun jirgi bai bar gaɓa ba. Na zaga bakin ruwa ina duba jirage ɗaya bayan ɗaya, ina ƙwanƙwasa katako, har na zaɓi na wani ƙato mai suna Mazuga, wanda kafaɗarsa ta yi faɗin ƙyauren zaure.

Kafin in shiga na yi masa bayani dalla-dalla. Na ce, "Idona ba shi da ƙarfi. Idan dabbar ta fito, ka faɗi sunan jinsinta, ka nuna mini wajen da hannu, ka kuma yi haka da wuri."

Ya ce, "To, Baba."

Muka shiga teku. Can sai na ji wani huci kamar an haɗa zugazugin maƙera ɗari an danna gaba ɗaya. Baƙi suka ɗauki ihu. Na juya gabas, babu kome. Na juya yamma, sai kumfa tana bajewa. Na dubi Mazuga, sai na ga kansa a sunkuye yana kallon yatsun ƙafarsa, haka sauran matuƙa. Aka sake huci, aka sake ihu, na sake tarar da kumfa. Haka muka wuni. Kashegari ma haka. Wata baƙuwa da ke kusa da ni har kuka ta yi don daɗin abin da ta gani, ni kuwa ban ga ko ƙaya ba.

Da muka sauka na tare Mazuga a gaban jama'a. Na ce, "Kai, ashe ka iya cewa to, ba ka iya cika ta ba? Me na gaya maka?"

Ya sosa ƙeya, ya ce, "Baba, in tambaye ka. A garinku mutum yana nuna surukinsa da yatsa?"

"Wane irin suruki?"

"Yana kiran sunansa? Yana zura masa ido?"

"Sai wanda bai sami tarbiyya ba."

Ya ce, "To, ka gani."

A nan ya warware mini al'adarsu. A Sansamar duk namijin da ya ɗauki filafilin tuƙa jirgi, ana ɗaukarsa ya auri teku, tunda daga gare ta zai ci ya sha. Su wel kuwa su ne iyayenta da baffanninta. Saboda haka matuƙi ba ya kallonsu, ba ya nuna su, ba ya kiran sunansu, sai dai ya ce mutanen gidan. Da kunne yake sanin inda suke, da zarar ya ji hucinsu ya juya musu baya. Na bincika da kyau ko akwai bauta a ciki, na tarar babu, kunya ce kurum irin ta surukuta, amma an kai ta inda hankali bai kai ba.

Na ce, "To, don me kuke kwasar mutane ku kai su kallon surukanku?"

Ya ce, "Baƙo ai ba suruki ba ne. Ya kalla har ya ƙoshi. Namu mu kai shi."

"Me ya hana ka faɗa mini haka tun farko?"

"Ka girme ni, Baba. Ta yaya zan ce maka a'a?"

Na koma masauki raina a ɓace, na zauna na jera al'amarin kamar yadda ake jera mas'ala. Matuƙi yana jin dabbar kafin kowa. Idan ya ji, yakan ba ta baya. Ashe ke nan ƙeyarsa alama ce. Da gari ya waye na daina kallon ruwa, na zura wa Mazuga ido. Da na ga ya sunkuyar da kai ya karkata, sai na bi inda ƙeyarsa ta nuna.

Tsarki ya tabbata ga Mai halitta! Sai ga wanda matafiya ke kira Mai Doro ya tsinke daga cikin ruwa gaba ɗayansa, fikafikansa dogaye farare a buɗe, ya juya a sama ya faɗo da baya, har ruwa ya jiƙa mini rawani. Wannan shi ne mai waƙa, idan ka kafa kunne a katakon jirgi za ka ji shi yana jan murya kamar mai kiran ɗan'uwa daga nesa. Bayansa na ga Mai Ƙaton Kai, wanda kansa kaɗai ya yi rumbu, hucinsa ba ya tashi a miƙe, sai ya karkata gaba ta hagu. Shi idan ya ɗaga wutsiya ya nutse, sai ka gaji da jira. Na lura kuma wutsiyarsu duka a kwance take, ba a tsaye irin ta kifi ba.

Amma daɗin bai daɗe ba. Sauran baƙi suka gane dabarata, suka riƙa kallona ina kallon Mazuga. Da na juya sai su rigaye ni, su cika gefen jirgin da huluna, ni da na gano hanyar in koma leƙe ta ƙarƙashin hammatar wani.

Ana haka sai ranar da muka gamu da Masu Baƙi-da-Fari. Waɗannan ƙanana ne a dangin, amma su ne mafarauta, ƙungiya suke yawo kamar kyarkeci. Sun koro wani karen teku, shi kuwa da ya ga mutuwa sai ya yi tsalle ya faɗo cikin jirginmu, ya lafe tsakanin ƙafafun baƙi. Mafarautan suka ja da baya, suka jeru, suka taho a guje ta ƙarƙashin ruwa don su tayar da igiyar da za ta kife mu. A ƙarƙashin ruwa kuwa babu huci, saboda haka kunnen matuƙa bai amfane su da kome ba. Igiya ta farko ta cika mana jirgi har idon sawu. Baƙi suka ƙanƙame juna suna salati da harsuna iri-iri, matuƙa kuwa kai a ƙasa, kowa na tuƙi inda ya ga dama.

Idona ba ya rarrabe launuka masu kama da juna, amma fari a jikin baƙi ko makaho-makaho ya gan shi. Na miƙe na riƙe itacen tsakiya, na ce, "Mazuga! Ba zan kira sunan kowa ba. Mutanen gidan suna tafe ta damanka. Juya musu hancin jirgi!"

Ya juya. Igiyar ta zo ta ɗaga mu ta wuce. Na ce, "Yanzu ta baya! Ku ja hagu!" Haka na riƙa ba da umarni suna bi, har muka kai cikin duwatsun gaɓa inda ruwa bai da zurfi. Karen tekun ya sulale ya hau dutse, ko waiwaye bai yi ba.

Mazuga ya durƙusa ya ce, "Baba, ka faɗi abin da kake so."

Na ce, "Shuɗi."

Sai fuskarsa ta canja. Ya ce wannan ba ya zuwa kusa da gaɓa. Yana can Rijiyar Teku, bayan duwatsu, inda ƙasa ta yanke. Baƙo kuwa ba ya zuwa can, wurin na 'yan gida ne. Ga shi kuma iska ta fara juyawa, kwanan nan mutanen gidan za su yi ƙaura sai baɗi. Baɗi kuwa na san ba ni da idon da zan kai mata.

Ya kai ni wurin Iya Kwalama, tsohuwar da ke riƙe da al'adun garin. Na same ta tana gyaran komar kamun kifi a ƙofar gida. Na gaishe ta yadda ya kamata, na kawo hujjojina a jere.

Ta ce, "Baƙo ba ya zuwa Rijiya."

Na ce, "To, ku mai da ni ɗan gida."

"Sai ka ɗauki filafili."

"Na ɗauka."

"Ka zama suruki ke nan. Sai ka sunkuyar da kai."

Na ce, "Iya, wannan wace irin doka ce? Wanda ya halatta ya gani, bai halatta ya je ba. Wanda ya halatta ya je, bai halatta ya gani ba. To, wa ya taɓa ganin Shuɗin nan da har kuka san shuɗi ne?"

Ta ce, "Jikokinsa."

"Su wa ke nan?"

"'Ya'yan matuƙa. Uba yakan goya jaririnsa ya kai shi Rijiya ya gaida kakanni. Jika da kaka ai babu kunya, sai wasa. Da yaro ya fara tafiya kuma an daina kai shi, sai ranar da ya ɗauki filafili."

Ta ci gaba da ɗinkinta, ina ganin gefen bakinta yana motsi. Na san ta san inda maganar ta nufa, so take in faɗa da bakina.

Na ce, "Akwai dokar da ta faɗi shekarun jariri?"

Ta ce, "Babu, Malam. Akwai dai wadda ta ce a yi masa aski, a raɗa masa suna, a kuma goya shi. Ƙafarsa ba ta taɓa jirgi."

Ku da kuke saurarena, kun san ko ni wane ne. Alƙalai sun tashi tsaye don na shigo. Na kwana biyu ina kai da kawowa a bakin ruwa, ina rufe idon dama in buɗe, ina auna abin da ya rage. Jiragen da nake ƙirgawa daga masauki da farko, yanzu sun zama inuwa. Na koma na ce wa Iya Kwalama na yarda, da sharaɗin ba za a taɓa gemuna ba.

Garin duka ya fito. Aka cire mini rawani, wanzami ya aske ni ƙwal. Mazuga, wanda bai kai ɗana na uku shekaru ba, ya tsaya a matsayin uba, ya raɗa mini suna Ɗan Kumfa. Mata suka yi guɗa. Wata ta ce, "Kai, wannan jariri da haƙoransa ya zo, har wasu sun zube!" Wata ta ce, "Mazuga, ɗan naka ya yi kama da kakana." Iya Kwalama ta miƙo mini kunu a ludayi, ta ce, "Sha, ɗan yaro, kada ka yi mana kuka a hanya." Na sha. Ban ce uffan ba, don na san duk abin da na faɗa zai zama abin ba da labari.

Mazuga ya duƙa, aka ɗora ni a bayansa, aka naɗe mu da zane, aka ɗaure da majanyi tamau, hannuwana a ciki, ƙafafuna na reto. Muka fita da hantsi a ƙaramin jirgi, daga mu sai matuƙa.

Bayan duwatsu ruwan ya sauya, ya yi duhu kamar an zuba baban rini. Aka daina tuƙi. Muka jira har rana ta take tsaka, tana dukan sabon askina. Sai na ji shi. Wannan ba huci ba ne irin na sauran. Sai da katakon jirgi ya amsa, sai da na ji shi a haƙarƙarina, sannan wani yayyafi mai ɗumi mai ƙarni ya sauko mana daga sama.

Mazuga ya juya masa baya.

A nan ne na gane abin da duk tsarina bai hango ba. Wanda aka goya, inda mai goyonsa ya fuskanta nan ya fuskanta. Hancina na cikin kafaɗar Mazuga, Shuɗi na bayana. Jariri wuyansa laushi ne, yakan waiwaya yadda ya so. Nawa wuyan ya shekara saba'in yana sunkuye a kan allo. Na murɗa shi dama, ya tsaya a rabi. Na murɗa hagu, can kuma mataccen ido ne.

Na ce, "Mazuga, juya!"

Ya ce a hankali, "Yi shiru, yaro, muna gaban manya."

"Ka rufe idonka ka juya!"

"In ba su fuskata? Haba, Ɗan Kumfa."

"Ni ne Malam Hambali!"

"Wancan baƙo ne, ba ya zuwa nan."

Aka sake huci, ya fi na farko nisa kaɗan. Na san idan ya nutse shi ke nan. Akwai dabarar da jarirai ke yi a sauke su ba shiri, na san ta sarai, amma ko a wannan hali ban kai can ba. Sai na tuna hannuwana suna daidai haƙarƙarinsa. Na tattara yatsuna goma na yi masa cakulkuli iyakar ƙarfina.

Ƙaton nan ya yi wata ƙara kamar akuya, ya gantsare, majanyi ya tsinke. Na sulale ta baya, na bugi gefen jirgi, na faɗa teku.

Sanyi ya kama ni, na yi ƙasa. Na san gishiri zai cinye abin da ya rage a idon nan, na kuma san ban zo don in mai da shi gida ba. Na buɗe shi.

Da farko na ɗauka bango ne. Shuɗi mai haske, da ɗigo-ɗigon toka, yana wucewa a gabana a hankali. Na duba sama, shi ne. Na duba ƙasa, shi ne, da wasu dogayen tsagogi a jere a maƙogwaronsa kamar kunyoyin gona. Sai ido ya iso daidai fuskata. Don girman mai shi ƙarami ne, bai fi ƙoƙon shan fura ba. Ya tsaya a kaina. Na sha kallon dabbobi a rayuwata, amma ban taɓa tsayawa an kalle ni haka ba, a natse, babu tsoro babu fushi, kamar tsohon da aka miƙa wa jinjiri yana neman kamannin wa ya ɗauko. Idon ya wuce, bangon ya ci gaba da wucewa. Na ce bari in jira wutsiya, in san tsawonsa. Na jira. Ƙirjina ya fara tsagewa, bangon bai ƙare ba. Ina nan ina jira aka damƙi gemuna aka fizge ni sama.

Mazuga ne, ya faɗo ruwa idonsa a runtse yana lalube. Ya jefa ni cikin jirgi kamar kifi, ya danna mini ciki har na amayar da rabin teku. Da na farfaɗo na ce, "Wutsiyar! Ina wutsiyar?"

Ya ce, "Sun tafi. Kai kuma ba ka da kunya, a gaban kakanninka?" Sannan ya matso da bakinsa kusa da kunnena, yadda sauran ba za su ji ba. "Yaya suke?"

Na ce, "Na ga tsakiya."

"Tsakiya kawai?"

"Da ka bar ni kaɗan, da na ga ƙarshe."

"Da na bar ka kaɗan, da ka ga lahira."

Kafin mu kai gaɓa idon ya yi ja, ya kumbura. Duwatsun Sansamar su ne abin da na gani na ƙarshe, su ma kamar ta cikin hayaƙi. Hamadar Madubi ban buƙaci ƙyalle ba da na sake ratsa ta.

Yanzu ga ni a zaurena. Ina yi wa ɗalibai bayanin Mai Doro daga kai har wutsiya, da Mai Ƙaton Kai, da Masu Baƙi-da-Fari, babu inda nake tuntuɓe. Idan aka zo kan Shuɗi sai in faɗi launinsa, da tsagogin wuyansa, da idonsa, in tsaya. Kullum kuma sai an sami mai kaifin baki ya ce, "Malam, tsawonsa fa?" Matafiya sun faɗi lissafi iri-iri, ni kuwa ba na karantar da abin da ban gani ba. Ban ga farkonsa ba, ban ga ƙarshensa ba, abin kuma yana ci mini rai har gobe.

Iyakar hikayata ke nan, Allah Shi ne Masanin girman abin da Ya halitta. Wanda kuma bai gamsu ba, hanyar Sansamar a buɗe take. Ya je ya sa a goya shi, amma ya ce a goya shi yana kallon baya.